Kowa Numfashinsa Ashirin

Duk wanda ya taɓa jinya a asibitin gwamnati ya san takardar nan mai layi-layi, kamar littafin lissafin 'yan firamare, da ake maƙalawa a ƙarshen gado ko a cusa cikin fayil. A cikinta ake rubuta zafin jikin mara lafiya, da bugun zuciyarsa, da awon jininsa, da yawan numfashinsa. Shekarun baya na yi mako biyu ina jinyar kawuna bayan an yi masa aiki a hanji, ina kwana kan tabarma a baranda, sauro na karɓar nasa rabon. Zaman asibiti akwai gundura, sai na shiga karatun abin da ba a sa ni ba. Na duba takardar Kawu, na leƙa ta maƙwabcinsa, na leƙa ta na gaba da shi. Zafin jiki kowa da nasa. Awon jini kowa da nasa. Amma layin numfashi, tun daga bakin ƙofa har ƙuryar ɗaki, 20 ne. Dattijon da ke tari kamar ƙirjinsa zai tsage, 20. Saurayin da ya karye a babur yana ta hira a waya, 20. Safe 20, yamma 20. Na ce a raina, ikon Allah, an tara mutum talatin a ɗaki ɗaya har numfashinsu ya zo ɗaya.

A dare na huɗu aikin dare ya faɗo kan wata dattijuwar nas, mai agogo maƙale a ƙirjin riga, irin wanda fuskarsa ke kife. Wajen ƙarfe biyu ta iso gadon Kawu ta kama wuyan hannunsa. Ta gama ƙirga bugun amma ba ta saki hannun ba, idonta kawai ya koma kan ƙirjinsa. Sai daga baya na gane dabara ce: in mutum ya san ana ƙirga numfashinsa, yakan canza shi bai sani ba. Minti guda cur ta yi. Sannan ta tsuguna ta haska jakar fitsari da fitilar waya.

"Malam, yaushe rabon da a zubar da wannan?"

"Tun la'asar, Sista."

"Tun la'asar ɗan wannan ya yi?"

Ta taɓa tafin ƙafarsa, ta ce, "Sannu Baba, ya jikin?" Kawu ya ce da sauƙi, kamar yadda kowane Bahaushe zai ce ko da rai na hannun Allah. Ta rubuta 32 a ƙarƙashin jerin ashirin-ashirin ɗin nan, ta ɗauki waya. Ina jin ta tana cewa, "Likita, ba zai jira zagayen safe ba. Numfashi 32, bugu 124, fitsari bai cika kofin shayi ba tun la'asar, ciki ya yi tauri. Ka taimaka ka zo yanzu." Kafin kiran asalatu an mayar da Kawu ɗakin tiyata. Ɗinkin hanjin ne ya saki.

Tun daga daren nan nake da ra'ayin da har yau ban sauka daga kansa ba. Abin da ya fi tsare ran mara lafiya a asibitocinmu shi ne ilimin da ake koya wa ɗalibin jinya a shekararsa ta farko, wanda kowa ya raina, har da wasu masu aikin. Muna ta kukan rashin na'urar hoton ƙwaƙwalwa da ta wankin ƙoda, kuma kukan yana kan hanya. Amma Kawu agogo ne ya cece shi bayan ikon Allah, da alƙalami, da mace ɗaya da ta san ma'anar abin da ta ƙirga, ba ta kuma ji nauyin tayar da likita daga barci ba.

Baligi mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, zuciyarsa na bugawa sau 60 zuwa 100. Wannan ko ɗan sakandare zai haddace. Inda ilimin yake shi ne sanin cewa jiki ba ya faɗuwa farat ɗaya. Idan jini na tsiyaya a ciki, ko ƙwayar cuta ta bazu cikin jini, jiki yakan kwashe sa'o'i yana kokawa. Numfashi ya ƙaru, zuciya ta ƙara sauri, ƙoda ta riƙe ruwa fitsari ya ragu, hannu da ƙafa su yi sanyi, mai surutu ya yi shiru ko mai shiru ya fara sambatu. Awon jini, wanda mu 'yan jinya muka fi tambaya, sau da yawa shi ne ke zuwa a makare. Ga matashi mai ƙarfi yana iya tsayawa daidai har sai ruwa ya kusa ƙare wa ɗan kada. Numfashi kuwa yana cikin masu fara kawo labari. Matsalarsa ɗaya: zafin jiki akwai abin da za a sa a hammata, awon jini akwai na'urar da za a ɗaura a dantse, shi kuwa dole a tsaya, a kalli ƙirji, a bar minti ya cika. Shi ya sa shi aka fi yi wa ha'inci. Kada a ɗauka halin namu ne kaɗai. A Ingila ma sun sha fama da marasa lafiyar da ke lalacewa a gado ba a ankara ba, har a 2012 suka fito da tsari na ƙasa baki ɗaya na ba wa waɗannan alamomi maki, in makin ya kai wani adadi dole a kira likita, ba shawara.

Ga yara, ƙirgen nan shi ne hoton ƙirjin talaka. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce numfashi ya yi sauri in ya kai 60 a minti ga jaririn da bai cika wata biyu ba, 50 daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 40 daga shekara ɗaya zuwa biyar. Yaro mai tari da ya kai wannan adadi, namoniya ake zargi, a kuma fara magani. Ma'aikaciyar da ke asibitin ƙauye inda babu wuta balle na'ura, in ta iya wannan kaɗai ta raba yara da yawa da kabari.

A ɗakin haihuwa abin ya fi fitowa fili. Mai jijjiga ana yi mata allurar magnesium sulphate, magani mai araha da ya ceci mata ba adadi. Amma kafin a maimaita shi dole a tabbatar da abu uku: gwiwa tana zabura in an ƙwanƙwasa ta, numfashi bai gaza 16 a minti ba, fitsari bai gaza mililita 30 a awa ba. In an rubuta 20 ba a ƙirga ba aka ci gaba da allura, maganin da ke hana jijjiga shi zai tsayar da numfashin. Haka zubar jini bayan haihuwa. An daɗe da sanin cewa mililita 500 ne iyaka, sai dai da ido ake kintata, ido kuma ragewa yake yi, ga zani da katifa sun shanye rabi. Binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Nijeriya, ya bi mata sama da 200,000 a asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Aka shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai aljihu da ma'auni, jinin ya taru inda za a karanta shi, da ya kai iyaka a ba da dukkan matakan taimako a tare maimakon ɗaya bayan ɗaya. Mummunar zubar jini da abin da take jawowa suka ragu da kashi 60 cikin ɗari. Magungunan duk tsofaffi ne, ungozomomi sun san su. Aunawa ce sabuwa.

To, mu koma kan alƙalamin. Malaman jinya suna da wata magana da suke dasa wa ɗalibai: abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba. Ni juyinta ya fi ba ni tsoro, wato abin da aka rubuta alhali ba a yi ba. Gurbin da aka bari fayau gaskiya yake faɗa, yana cewa ba a auna ba, kuma mai zagaye zai iya tambaya. Lambar ƙarya kuwa rufe bakin tambaya take yi. Likita ya zo da safe da marasa lafiya sittin a gabansa, ya kalli takarda ya ga komai daidai, ya wuce. A kotu sunan wannan shaidar zur, ban ga dalilin da zai sa a canza masa suna don an yi shi a bakin gado ba. Kuma miƙa aiki tsakanin mai tashi da mai karɓa ɗan'uwan rubutun ne. Na ga inda ake yin sa a tebur cikin minti biyu, "kowa lafiya, sai gado na tara da ya ƙi cin abinci," mai tashi tana gyara mayafi. Dattijuwar nan kuwa gado-gado take jan mai karɓarta, ta nuna mata ruwan da ke tafiya, da saura nawa, da wanda take so a sa wa ido.

Mu ma jama'a muna da laifi a yadda aka raina wannan ilimi. Bahaushe in ya je asibiti ba a yi masa allura ko ƙarin ruwa ba, gani yake ba a duba shi ba. Don haka a idonmu nas mai allura ce, gwanintarta ita ce ta samu jijiya a tashi ɗaya, hannunta ba zafi. Alhali huda fata shi ne mafi sauƙin abin da ke cikin allura. Kafin a kai ga hudawa akwai tambayoyin da ake koya wa kowane ɗalibi: shin wannan ne mara lafiyar, wannan ne maganin, adadin ke nan, ta wannan hanyar za a ba shi, yanzu ne lokacinsa? Ta farkon ma kaɗai aiki ce a ƙasar Hausa. Ɗaki ɗaya sai ka samu A'isha uku da Fatima huɗu, rabinsu sunan mahaifinsu Muhammadu. Lambar gado ba abin dogaro ba ce, ana sauya wa mutane gado da tsakar dare. In ka ce wa tsohuwa "Mama, ke ce wance?" za ta ce na'am don ladabi, ko ba ta ji da kyau ba. Sai dai a ce "Mama, ya sunanki?" a bar ta ta faɗa da bakinta. A ɗakin yara kuma ga alkunya: uwa ba za ta kama sunan ɗanta na fari ba, sai ta sunkuyar da kai ta ce "shi ne." Nas ɗin da ta san mutanenta za ta nemi kati ta gwada, ko ta tambayi kakar. Abin hannu na roba mai ɗauke da suna, wanda bai fi kuɗin ƙosai ba, da ya raba wannan gardama, amma asibitoci nawa ne ke sa shi?

Sai lissafi, wanda da yawa suka gudo daga gare shi suka shiga makarantar jinya, suka tarar yana jiran su a bakin gado. Allurar artesunate ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da nauyin jiki ake ba da ita: miligiram 2.4 ga kowane kilo, yaron da bai kai kilo 20 ba kuma miligiram 3. Ke nan in babu sikeli a ɗakin, ko yana nan an ƙi ɗora yaron an kintata da ido, tun daga tushe an kauce. Ɗigon da ke raba 0.5 da 5 in ya ɓace a rubutun likita, an ninka magani sau goma. Robar ƙarin ruwa ta manya ɗigo 20 ne mililita ɗaya, don haka leda mai mililita 500 da aka ce ta yi awa takwas ɗigo 21 take bukata a minti, kuma sai an tsaya da agogo an ƙirga. Na ga ɗan jinya da hannunsa ya buɗe maƙullin robar don ruwan ya ƙare da wuri kowa ya samu ya kwanta. Ga mai ciwon zuciya, ko yaro mai tamowa, wannan ruwan huhu zai cika. Sinadarin potassium in aka tura shi kai tsaye cikin jijiya ba a sirka ba, zuciya tsayawa take yi nan take. Allurar ɗuwawu kuma wurinta sama ta gefen waje, don babbar jijiyar ƙafa ta bi ta ƙasa. Akwai yaran da ke jan ƙafa a unguwanninmu ana cewa shan inna ne ko iska, alhali allurar kemis ce ta sauka inda bai kamata ba.

Wannan ilimin ne ke ba nas bakin magana, kuma a nan nauyin aikin yake. Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa, lasisin da take bayarwa da sunan mutum ɗaya yake, ana sabunta shi duk shekara uku, tana kuma da ikon ƙwace shi. "Likita ne ya rubuta" ba ya wanke wadda ta tura maganin da ya kamata ta san ya yi yawa. Likita mutum ne, yana iya kwana biyu bai runtsa ba, kuma nas ce shinge na ƙarshe tsakanin kuskurensa da jijiyar mara lafiya. Amma mu an tarbiyyantar da mu kan cewa na gaba ba ya kuskure a bainar jama'a. Yarinya 'yar shekara ashirin da uku ta kalli babban likita ta ce, "Ranka ya daɗe, a sake duba adadin nan," sai ta tara duk ƙarfin halin da take da shi, kuma in ya daka mata tsawa gaban mutane ba za ta sake ba. Babban likitan da ke wulaƙanta mai yi masa tambaya, da hannunsa yake cire shingen. Wadda kuma ba ta san adadin da ya dace ba, ko an ba ta dama ba ta da abin faɗa.

Kowace 12 ga Mayu ana bikin ranar ma'aikatan jinya, ranar haihuwar Florence Nightingale, a kunna kyandir a yanka kek. An fi tuna ta da fitila, amma matar ma'abociyar ƙirge ce. Da alƙaluma ta nuna wa hukumomin Ingila cewa a yaƙin Kirimiya cuta da ƙazanta sun fi raunin fagen fama kashe sojojinsu. Mu kuma muna da Rufaida al-Aslamiyya, mai tanti a masallacin Madina, inda aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan raunin da ya samu a yaƙin Khandaƙ domin ya kasance kusa a riƙa duba shi. Iyayen da har yanzu ke ganin aikin jinya bai dace da 'yar mutunci ba saboda kwanan asibiti, sannan su dage sai mace ce za ta duba matansu, ya kamata su zauna su daidaita maganganun nan biyu.

Wanke hannu kuwa tarihin Arewa ya isa ya koya mana. Zazzaɓin Lassa da nas aka fara gane shi. A farkon 1969 Laura Wine, ma'aikaciyar jinya a asibitin mishan na garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, ta kwanta, aka kai ta Jos, ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta tana da ɗan yanka a yatsa lokacin da take goge mata baki, ita ma ta bi ta. Ta ukun, Penny Pinneo, da ƙyar ta sha bayan an kai ta Amurka. A 2014 da Ebola ta shigo Legas, kowa ya san sunan Dakta Stella Adadevoh, amma cikin mutum takwas da suka rasu har da nas Justina Ejelonu, wadda ba ta daɗe da kama aiki a asibitin da Adadevoh ke aiki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu mutum 15 cikin kowane 100 da aka kwantar sukan kwashi wata cutar a asibitin, a ƙasashe masu arziki kuma 7. Maganin bai wuce daƙiƙa 20 zuwa 30 na murza hannu da sinadari ba, ko 40 zuwa 60 da ruwa da sabulu, kafin a taɓa mutum da bayan an taɓa shi. Abin da na fi gani shi ne safar hannu ɗaya tun daga gado na farko har na ƙarshe. Mai ita ta tsare kanta, ta kuma raba wa kowa abin da ta kwaso. Sai dai in famfon ɗakin ya shekara bai kawo ruwa ba, kuma safar ma sai ɗan jinya ya sayo, wa za a fara tuhuma?

Na san abin da ma'aikatan jinya za su ce, kuma suna da gaskiya. A ɗakin da na yi jinya, mutum talatin ne, nas ɗaya ko biyu da dare. In kowane gado zai ci minti biyar na awo, zagaye ɗaya awa biyu da rabi ke nan, ban da magunguna, da wanda ya yi amai, da wanda ruwansa ya tsaya, da sabon da aka kawo daga ɗakin gaggawa. Binciken da Linda Aiken da abokan aikinta suka wallafa a mujallar Lancet a 2014, a asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara, ya nuna duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas yana ƙara haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata da kashi 7 cikin ɗari. Turai ke nan, inda ake gardama kan marasa lafiya shida ko takwas ga nas ɗaya. A farkon 2024 magatakardan hukumar jinya, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya sama da 42,000 sun bar Nijeriya cikin shekara uku. Maganin da hukumar ta kawo a lokacin shi ne sai mutum ya yi aikin shekara biyu kafin a tantance masa takardun fita, ma'aikatan kuma suka fito zanga-zanga. Ban ga laifinsu ba. Ba a ɗaure ƙwararre da igiya, albashi da kayan aiki ke riƙe shi, kuma waɗanda ke tafiya su ne irin dattijuwar nan da ya kamata yara su koya a hannunsu.

Duk da haka ƙarancin hannu uzurin gurbi ne, bai zama uzurin lambar ƙarya ba. Wadda ba ta iya kaiwa ga kowa ba ta rubuta cewa ba ta kai ba, ta sanar da metiron a rubuce, nauyin ya koma kan masu ɗaukar ma'aikata. Jerin ashirin-ashirin ɗin nan gwamnati yake yi wa aiki, don yana nuna wa mai duba takarda cewa nas ɗaya ta ishi mutum talatin. Dattijuwar ma ba kowa ta tsaya wa minti guda ba a daren nan. Ta san wanda aka yi wa aikin hanji kwana huɗu da suka wuce ya fi mai karaya bukatar ido, ta fara da shi.

Akwai kuma masu farar rigar da ba su taɓa shiga aji ba. Karatun jinya shekara uku ne a makarantar jinya, biyar a jami'a. Amma wasu asibitocin kuɗi sukan ɗauki yarinya ta yi wata shida tana kallo, a ɗinka mata riga, a kira ta "okzilari," sunan da hukumar jinya ba ta san da shi ba. Sau da yawa hannunta ya fi na mai digiri iya samun jijiya. Abin da ba ta da shi shi ne dalili: me ya sa wannan ruwan zai tafi a hankali, me ya sa ake tsayawa kan mai ƙarin jini minti goma sha biyar na farko, me ya sa ake juya wanda ba ya motsi duk awa biyu kafin bayansa ya zama gyambo. Malaman fiƙihu sun daɗe da yanke hukunci cewa wanda ya yi wa mutane magani ba da sani ba, lamunin abin da ya ɓata yana wuyansa. Ni da za a bi ta tawa, mai asibitin da ya ɗinka rigar za a fara kamawa.

In kuskure ya auku fa? A nan muna da hali biyu, duk ba sa gyara komai. Ko dai a ce kwana ne ya ƙare, a yi haƙuri, a rufe fayil, ko 'yan'uwa su far wa nas ɗin da ke bakin aiki da duka. Imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke alhaki ba, shari'ar da ta koya mana ƙaddara ita ta sa diyya a kisan kuskure. Duka da kora kuma ɓoyewa suke koya wa ma'aikata. A Amurka, cikin Disambar 2017, wata nas mai suna RaDonda Vaught a jihar Tennessee ta ɗauko maganin da ke shanye jiki maimakon na kwantar da hankali, saboda sunayensu sun fara da haruffa iri ɗaya, ta kuma tsallake gargaɗin da ke jikin kwalbar. Tsohuwar da ta ba maganin, 'yar shekara 75, ta rasu. Nan take nas ɗin ta faɗi abin da ta yi. Aka ƙwace lasisinta, a 2022 kotu ta same ta da laifin kisa ta hanyar sakaci, aka yi mata ɗaurin talala na shekara uku. Ma'aikatan jinya a can suka yi ta ƙorafi cewa daga yau wa zai sake tona kansa? Ina ganin sakacinta ya cancanci hukuncin hukumar aikinta. Amma asibitin da ba shi da wurin da ma'aikaci zai ce "na kusa ba da maganin da ba shi ba, ga abin da ya ruɗe ni" ba tare da an ci mutuncinsa ba, zai yi ta maimaita kuskure ɗaya da mutane daban-daban.

Tsawar da ake yi wa marasa lafiya, wadda ita ce kukan kowa game da nas-nas, ni a wannan babin nake sa ta. Mun saba ɗaukarta matsalar tarbiyya kawai. Amma uwar da aka kunyata da rana don ta yi tambaya, da dare in ta ga numfashin ɗanta ya canza ba za ta zo tebur ba, za ta zauna tana tofa masa addu'a har gari ya waye. Wanda aka faɗi cutarsa da ƙarfi gaban maƙwabtan gado, abin da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana, gobe ba zai faɗi gaskiyar maganin da yake sha a ɓoye ba. A asibitocinmu 'yan jinya su ne ke kwana a gindin gado, ido ne na kyauta ga nas ɗin da ta san yadda za ta yi amfani da su. Bayan an dawo da Kawu daga tiyata ta biyu, dattijuwar ta kira ni gefe ta ce, "Malam, ga aikinka. In ka ga numfashinsa ya yi sauri, ko jakar nan ta daina taruwa, ko ya fara maganar da ba kai, ka zo ka same ni ko ina sallah ne. Kuma kada hannunka ya taɓa robar ruwan nan." Sau biyu na je na same ta. Na farko ba komai ba ne, ta duba ta ce na kyauta. Na biyu robar fitsarin ce ta lanƙwashe a ƙarƙashin cinyarsa.

Kawu yana nan da ransa, har ya koma gona. In ana hira ya kan ɗaga riga ya nuna tabon, ya yi ta sa wa likitan albarka, da ƙaramar sallar da ta biyo baya ma zabi biyu ya sa aka kai masa. Na taɓa tambayarsa ko yana tuna matar da ta riƙe masa hannu da tsakar dare. Ya yi shiru yana tunani, sannan ya ce, "Wace? Mai allurar nan?"